Abin da ya kamata a yi idan hoton farkon ciki ya nuna abin da ba a zata ba

Hoton ciki, wanda mata suka fi sani da sikanin, ya daɗe da barin birni, domin yanzu ana samun na'urarsa a manyan asibitocin garuruwa da kuma asibitocin kuɗi na garuruwan kasuwa a Kano da Jigawa. Tun a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24, amma mata da yawa a karkara kan je tun a wata na biyu ko na uku, ko dai saboda sun ga ɗigon jini, ko saboda ciwon mara, ko kuma don a tabbatar musu cewa ɓatan watan da suka yi ciki ne. Yawanci labarin alheri ake ji. Wani lokaci kuwa mai ɗaukar hoton yakan yi shiru, ya daɗe yana murza na'urar a kan mara, sannan ya ce bai ga bugun zuciya ba, ko bai ga cikin a inda ya kamata ya zauna ba, ko ya ga wani abu a gefe. Daga wannan lokacin aikin mai ciki da wanda ya rako ta shi ne su gane, tun kafin su bar asibitin, ko abin da aka gani na jira ne ko na gaggawa ne, domin hanyoyin biyu sun sha bamban, kuma rikita su ne ke jawo asara.

Abu na farko da za a tuhuma shi ne lissafin kwanakin cikin. Likitoci suna ƙirga ciki daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, kuma a kan wannan ƙidayar ne ake cewa ciki mako 40 ne. Mace a ƙauye kuwa takan ce rabonta da al'ada tun bayan ƙaramar Salla, ko tun farkon shuka, wata ma goyo take yi, cikin ya shiga al'adar ba ta dawo ba. Kuskuren mako biyu a nan abu ne mai sauƙi, kuma mako biyu a farkon ciki tazara ce mai yawa. A wajen mako na 5 jakar cikin kaɗai ake iya gani, bugun zuciya kuma yakan bayyana ne a wajen mako na 6, shi ma idan da na'urar da ake sakawa ta gaba aka duba, wadda ake gogawa a kan mara kuwa takan makara da mako ɗaya ko fiye. Manomin da ya leƙa gonarsa kwana biyu bayan shuka bai ga tsiro ba, ba zai ce gero ya ruɓe ba. Saboda haka idan an ce jaka aka gani babu ɗa a ciki, ko an ga ɗan ba a ga bugun ba, ƙa'idar aikin ita ce a maimaita hoton bayan kwana 7 zuwa 14 kafin a yanke hukunci, sai fa idan ma'auni ya riga ya kai inda babu shakka, wato tsawon ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko faɗin jakar ya kai milimita 25 babu komai a cikinta. Waɗannan ma'aunai an tsara su ne a kan hoton da aka yi ta gaba, shi ya sa hukuncin da aka yanke da hoton kan mara kaɗai, a ƙaramin ciki, ya cancanci a sake duba shi. Mata da yawa suna ƙyamar na'urar gaba saboda kunya, kuma kunyar tana da hujja, amma mace tana da damar neman a samo mata ma'aikaciya mace, ko a bar 'yar rakiyarta ta tsaya kusa da ita. Na'urar da sauti take aiki, ba ta taɓa ɗa, ba ta jawo ɓari.

Kada a fita daga ɗakin hoton da kalmar "akwai matsala" kaɗai. Mai ciki ko 'yar rakiyarta ta tambaya da Hausa, a amsa mata da Hausa: "Malama, cikin yana cikin mahaifa ko ba a gan shi ba? Mako nawa na'urar ta nuna? Yaushe zan dawo, kuma me zan gani a gida da zai sa in dawo kafin ranar?" Idan cikin fari ne, yarinyar ba za ta iya buɗe baki ba, don haka a haɗa ta da yayarta ko gwaggonta mai ƙarfin hali, wadda ba ta jin nauyin cewa "Likita, ban gane ba, a maimaita mini." A karɓi takardar sakamakon da ɗan hoton da ake liƙawa a jikinta, a sa su a leda tare da katin awo, domin hoto na biyu ba ya da cikakken amfani idan babu na farko da za a gwada shi da shi. Kuma mai ɗaukar hoto a shagon sikanin ba lallai ne ya zama likita ba, takardar sakamakon da ya bayar a kai ta wurin likita ko ungozomar asibiti, su ne za su haɗa ta da abin da jikin matar ke nunawa.

Kwanakin jiran suna da nauyi, amma babu wani magani da zai tayar da cikin idan ya riga ya daina girma. Matar ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a wurin awo, ta kwana cikin gidan sauro, ta yi aikinta na gida gwargwadon ƙarfinta. Abin da za a tsare sosai shi ne jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis, ko na "riƙe ciki" ko na "wanke ciki", domin wanda aka sha don wankewa yana iya zubar da lafiyayyen cikin da lissafinsa ne kawai ya rikice.

Idan hoto na biyu ya tabbatar cewa cikin ya daina girma, a nan ne maganar kwantaccen ciki kan taso. Za a samu dattijuwar da za ta ce cikin ya kwanta ne, a nemi taimako zai tashi, kuma za ta kawo sunan wadda aka ce nata ya kwanta shekara biyu. A girmama ta, amma a sani cewa ɗan tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya komawa girma, kuma barin sa watanni a mahaifa ba tare da kulawar asibiti ba yana iya jawo zubar jini mai yawa ko ruɓewa da zazzaɓi. Hanyoyi uku ake bi a asibiti. Ana iya jira na mako ɗaya ko biyu jiki ya fitar da shi da kansa, ana iya ba da ƙwayar misoprostol, wadda ke sa mahaifa ta fitar da shi, a ƙarƙashin kulawar ma'aikata, ana kuma iya yin wankin ciki da wata ƙaramar na'urar zuƙa, aikin da ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. A ganina matar da gidanta ke da nisa da asibiti, musamman da damina idan hanya ta yanke, ya kamata ta faɗa wa likita nisan garinsu kafin a zaɓa mata jira, domin zaɓin da ya dace da mazauniyar Dutse ba lallai ya dace da wadda sai ta tsallake fadama kafin ta kai titi ba. A kuma tambayi rukunin jininta, domin idan mai alamar negetif ce ana iya buƙatar yi mata allurar Anti-D cikin awa 72 don kare cikin da zai biyo baya.

Akwai sakamako ɗaya da ba ya jiran kowa, shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100, kuma mafi yawansa a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa yake maƙalewa. Bututun siriri ne, idan cikin ya girma sai ya fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Saboda haka idan gwajin fitsari ya nuna ciki amma hoto ya nuna mahaifa babu komai, ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin ciki kawai, sai an bi shi da gwajin jini na sinadarin ciki, wanda akan maimaita bayan awa 48, da kuma wani hoton. A tsakanin nan, ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ciwo a saman kafaɗa, ko jiri da gumi mai sanyi, ko suma, alama ce ta a tashi nan take ko da tsakar dare ne, ko da kuwa jinin da ke fita ta gaba ɗan kaɗan ne. A wuce ƙaramin asibitin gari kai tsaye zuwa inda ake tiyata da ƙarin jini, kamar babban asibitin Haɗeja, Gumel, Kazaure, Wudil ko Bichi, ko asibitin Jahun inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa tun 2008, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Murtala da na Koyarwa na Aminu Kano a birnin Kano. Irin wannan cikin ba a iya mayar da shi mahaifa. Idan an gano shi da wuri wani lokaci allura kan isa, idan ba haka ba sai tiyata, kuma matar da aka cire wa bututu ɗaya tana iya haihuwa da ɗayan.

A nan ne nauyin maigida ya fi bayyana. Tun ranar da aka dawo da takardar da ke da shakka, ya ajiye kuɗin mota a gefe, ya karɓi lambar direban da zai amsa waya da dare, ya yi magana da 'yan'uwa biyu masu lafiya da za su iya ba da jini, domin sau da yawa asibiti kan nemi dangi su mayar da abin da aka ƙara wa mara lafiya. Mafi muhimmanci, idan zai yi tafiya ko zai kwana a kasuwa, ya bar izini a fili a gaban mahaifiyarsa da ƙaninsa: "Inna, idan ciwon ya tashi ko jini ya ɓalle, a kai ta asibiti, kada a jira ni." Matar da ke jiri ba a ɗora ta a bayan babur ita kaɗai, sai da wani a bayanta yana riƙe da ita, mota kuwa ta fi idan akwai.

Sauran abubuwan da hoto kan nuna galibi sun fi tsoratarwa a takarda fiye da yadda suke a jiki. Ɗan jinin da ya taru a gefen jakar ciki yakan shanye da kansa a mafi yawan lokuta. Ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai sau da yawa na cikin ne kansa, kuma yakan ɓace bayan wata na uku ko na huɗu. Ƙarin mahaifa, wato tsiron nama a jikin mahaifa, wanda ya yawaita a tsakanin matan Afirka, ba a cire shi ana da ciki, ana dai lura da girmansa da wurin da ya zauna. Tagwaye kuwa abin murna ne mai ƙarin hidima, domin mai ɗauke da su ta fi fuskantar ƙarancin jini da hawan jini da naƙuda kafin lokaci, don haka awo ya ƙaru, haihuwa kuma a asibiti. Akwai wani nau'i da ba a cika samu ba, inda mabiyiya ke rikiɗa ta zama tarin ƙananan ƙwayoyin ruwa babu ɗa mai rai. Shi wannan bayan an wanke dole a riƙa komawa gwajin jini na watanni, kuma a dakata da ɗaukar wani cikin har likita ya sallama, domin ragowarsa tana iya ci gaba da girma.

Idan ɓari ya tabbata, maganganu za su biyo baya, wani ya ce daka ta yi, wani ya ce ɗaukar ruwa daga rijiya ne, wani ya karkata ga kishiya ko iska. Ɓari yana samun aƙalla ciki 1 cikin 10 na waɗanda aka san da su, kuma kusan rabin na farkon ciki yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun ranar da aka haɗa shi, abin da babu hannun uwa ko na wani a ciki. Maigida ne ya fi dacewa ya faɗi wannan a gida, domin idan ya ce "Likita ya ce ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya ƙaddara," bakin mutane yakan mutu. Kada kuma a hana matar kuka da sunan cewa cikin bai kai ko'ina ba. Haƙuri ba ya hana baƙin ciki, kuma idan makonni suka wuce ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta son shiga mutane, wannan ma abin kai wa asibiti ne. Hukuncin jinin ɓari game da salla da azumi kuwa a tambayi malami ko malamar Islamiyya, a faɗa musu watannin cikin da abin da ya fita.

Bayan ɓari ko wankin ciki jini yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu yana raguwa. Idan yana jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, ko ya fara wari, ko zazzaɓi ya shigo, a koma asibiti a ranar. Al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma wani cikin yana iya shiga tun kafin ta dawo, don haka ma'auratan su tattauna da ungozoma kan lokacin da jikin matar zai murmure, musamman idan ta zubar da jini sosai. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya, wadda kuwa ta yi sau uku a jere ta nemi a tura ta wurin likitan mata don bincike. Wadda ta taɓa yin ciki a wajen mahaifa ta je a yi mata hoto a wajen mako na 6 zuwa na 7 na cikin da zai biyo baya, ta tafi da tsohuwar takardarta, kuma daga yanzu ta riƙa sa a rubuta mata ranar da kowace al'ada ta fara, ko a bayan katin awo ko a wayar maigida.