Yadda ake gano yanayin zamanin da daga taɓon tafkunan ƙuryar arewa

Ma'aunin zafi ba tsohon abu ba ne. Lissafin zafin duniya da ake dogaro da shi daga wajen 1850 ya soma, a ƙuryar arewacin duniya kuwa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara, tashoshin awo ba su da yawa kuma ba su daɗe ba. Duk da haka za ka ji masana na cewa shekara miliyan 3 da rabi da suka wuce, lokacin zafin can ya ɗara na yau da kusan digiri 8. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke gefen fadamar Haɗeja, kuma duk sanda na faɗi wannan a aji sai an samu mai ɗaga hannu: "Malam, wa ya auna?" Tambayar tana da amsa, daga taɓon gindin tafki ake ciro ta. Ga yadda ake yi, musamman don 'yan'uwana malamai.

Aikin duka ya rataya a kan abin da kowane mai haƙar rijiya ya sani: abin da ke ƙasa ya riga na samansa kwanciya. Sana'ar mahaifina ke nan, kuma tun ina yaro nake ganin ana wuce rairayi a iske jar ƙasa, a wuce ta a iske laka, kowacce a mazauninta. Haka tafki ke tara ƙura da ganye da gawar ƙwari shekara bayan shekara. Muddin ba a dama shi ba, komai na nan a jere.

Saboda haka a fara da zaɓen tafki, don in aka kuskure nan sauran wahalar banza ce. Kududdufin bayan gari ba zai yi ba. Yana ƙafewa da rani, shanu su tattake shi, gaiwa ta tona ta shige, masu tubali su kwashe laka. Wanda ake nema shi ne mai zurfi, wanda ba ya ƙafewa, babu babban kogi da ke antaya masa yashi, kuma iskar shaƙa ta yi ƙaranci a gindinsa har tsutsa ba ta samun damar yamutsa taɓon. Tafkunan ƙuryar arewa suna da wannan, tun da ƙanƙara kan rufe su wata tara ko fiye, iska ba ta kaɗa ruwan. Amma su ma da nasu abokin gaba: tulin ƙanƙara mai tafiya, wanda kan kankare kwarin tafki ya tafi da tsohon taɓo. Shi ya sa yawancin tafkunan Kanada da Girinlan tarihinsu bai wuce shekara dubu goma da ɗoriya ba.

Abin da ya ba tafkin Elgigitgin na arewa maso gabashin Saiberiya daraja ke nan. Dutse ne ya faɗo daga sama shekara miliyan 3.6 da suka wuce ya haƙa ramin, faɗin tafkin kusan kilomita 12, zurfinsa wajen mita 170, kuma tulin ƙanƙara bai taɓa share shi ba. A 2009 masanan Rasha da Jamus da Amurka da Ostiriya suka kafa injin haƙa a kan daskararren ruwan, bayan sun yi ta zuba ruwa a kai yana daskarewa don ya ƙara kauri ya ɗauki nauyin. Sun ciro taɓo mai tsawon mita 318. Ku ba ɗalibai su raba da kansu: kusan santimita 9 ke nan a kowace shekara 1,000.

Cirowar kanta ba ta da wuyar fahimta. Ana gano wuri mafi zurfi, a huda ƙanƙara, a saki bututu mai nauyi a kan igiya ya nutse a taɓo, a toshe bakinsa na sama a jawo shi a tsaye. Saman taɓon ruwa-ruwa ne, kuma shi ke ɗauke da shekarun nan namu, don haka da lallami ake ɗaukarsa. Na ƙasa kuma gaɓa-gaɓa ake cirowa. A haƙa rami na biyu kusa da na farko, a sa mahaɗar gaɓoɓinsa ta saɓa da ta wancan, yadda abin da ya zube a nan za a same shi a can. Kowane bututu a rubuta masa zurfi, a yi alamar sama da ƙasa nan take. A ajiye a sanyin digiri 4. A ɗakin gwaji a tsaga shi a tsaye, rabi na aiki, rabi na ajiya.

Kada a yi saurin neman zafi kafin a san shekaru. Wannan ne matakin da na fi jan kunnen ɗalibai a kai, domin labarin da babu kwanan wata a jikinsa ba ya zama hujja. In an yi sa'a, taɓon kan fito da layi biyu a kowace shekara: mai haske da ɗan kaushi na lokacin da ƙanƙara ta narke, da siriri mai duhu na lokacin da ruwa ya kwanta a rufe. Sai a ƙirga kawai. Wani masanin Suwidin, Gerard De Geer, shi ya kafa wannan hanya fiye da shekara 100 da suka wuce. Inda babu layukan sai a koma ga sinadarai masu raguwa a kan ƙa'ida. Dalma-210 tana raguwa da rabi duk shekara 22, tana aiki a kan shekara 100 zuwa 150 na sama. Siziyam-137 ya fi yawa a taɓon da ya kwanta a daidai 1963, sakamakon gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama. Kabon-14 rabinsa kan tafi a shekara 5,730, yana kaiwa wajen shekara 50,000. A nan akwai tarko: ganye ko ƙwayar tsiron tudu ake tsinta a auna, ba dunƙulen taɓo ba, saboda daskararriyar ƙasar can tana sakin tsohon kabon cikin tafki, sai awo ya ba da shekarun da suka wuce gaskiya. Abin da ya girmi haka kuma, akwai tokar duwatsu masu aman wuta da aka san shekarunta, da juyewar maganaɗisun duniya, wato sanda arewarsa da kudunsa suka musanya wuri suka bar alama a taɓo, wanda na ƙarshe ya auku kusan shekara 780,000 da suka wuce.

Sai karatu. Mafi sauƙi shi ne a busar da ɗan yanki, a auna nauyinsa, a ƙona shi a zafin digiri 550, a sake aunawa. Abin da wuta ta ci ragowar masu rai ne, yawansa alama ce ta lokacin da tafkin da kewayensa suka yi albarka. Garin fure, irin bununin da gero ke saki, ɓawonsa ba ya ruɓa cikin taɓo, kuma na kowane tsiro da siffarsa a madubin ƙara girma. In aka ga na manyan itatuwa a inda yau babu sai gajeren haki, daji ya taɓa kaiwa nan.

Wanda na fi so shi ne na wasu ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo. Tsutsarsu a taɓo take zama, jar nan da muke gani a kwata danginsu ce. Duk sanda ta saɓa takan bar ƙoƙon kanta, shi kuma yana jure dubban shekaru. Wani jinsi sai ruwa mai tsananin sanyi, wani sai mai ɗan ɗumi. To ta yaya ƙoƙon kan tsutsa ke zama digiri? Ana zagaya tafkuna masu yawa na yau, daga masu sanyi zuwa masu ɗumi, a ɗebi saman taɓon kowanne, a ƙirga jinsunan da ke ciki, a haɗa da zafin watan Yuli da aka auna a wurin. Da wannan sikeli ake komawa kan tsohon taɓo. A tuna zafin lokacin da ƙwarin ke rayuwa yake nunawa, ba na shekara duka ba, kuma kuskurensa kan kai digiri ɗaya ko fiye. Kada a yarda da shaida ɗaya. Sai ƙwari da garin fure da sinadaran kakin ganye sun nuna hanya guda.

Da irin wannan haɗin shaidu aka gano cewa daji ya taɓa kewaye Elgigitgin, a zamanin da iskar kabon da ke sama ta yi kusa da yawan da take a yau. Wannan ne ke hana ni ɗaukar batun a matsayin labarin nesa. Lokacin da ƙanƙara ta danne arewacin duniya, wajen shekara 20,000 da suka wuce, Sahara ta gangaro kudu, kuma tuddan yashin da muke noma gero da riɗi a kansu ragowar irin waɗannan zamunan fari ne. Da ɗumi ya dawo ruwa ya yawaita, Tafkin Cadi ya bunƙasa ƙwarai. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 ana haƙar rijiya, a inda yanzu jihar Yobe ce, shekarunsa kusan 8,000. Da wannan dabarar ta bututu aka karanta taɓon tafkin Tila kusa da Biu da na Kajemarum a Yobe.

Ana iya gwada ƙaramin aikin da ɗalibai. A sami bututun roba na ruwa, faɗin inci biyu, tsawon mita ɗaya da rabi, a fere bakinsa. A nemi masunci ya nuna gurbin da ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani, shi zai kai ku da kwalekwale. Kada yara su shiga ruwan, saboda tsargiya. A danna bututun a tsaye a hankali, a toshe samansa da marfi, a jawo, a tare ƙasansa tun bai fito daga ruwa ba. A tsaga shi da zarto, a raba taɓon da siririyar waya, a shimfiɗa tef a gefe, ɗalibai su zana launi da kaushi santimita bayan santimita. A wanke ɗan yanki a rariya a nemi gawayi, ɓawon katantanwa da ƙwayar bado. Layin yashi a tsakiyar laka yakan nuna ambaliya. Guntun ledar fiya wata bai girmi shekarun 1990 ba. Inda saiwar kacalla ta soma bayyana, dattawa za su faɗi lokacin da ta mamaye fadamar bayan an gina madatsar Tiga a 1974. Digirin zafi ba zai fito daga wannan bututu ba, kuma a gaya wa yara haka. Rabin da ba a taɓa ba a naɗe shi da leda, a rubuta masa wuri da rana da alamar sama, a ajiye a inuwa don ajin baɗi su gwada da nasu.