Yadda za ka haɗa Larabci da Hausa a shafi ɗaya bai hargitse ba

Ƴan uwa masu rubuta kod a Jidda da Makka da Madina, yawancin aikin da ake kawo mana dai na mai shago ne ko mai gidan abinci ko masu hidimar alhazai, yana so a yi masa shafi da Larabci saboda kwastomomin nan, da Hausa kuma saboda mutanenmu na Najeriya da Nijar. To dan Allah kar ka gina shi daga hagu ka ce in an gama ka juya shi, wallahi aiki biyu za ka yi. Tun layin farko ka sa dir="rtl" (RTL, wato rubutu daga dama zuwa hagu) da lang="ar" a kan html ɗin, ɓangaren Hausa kuma dir="ltr" da lang="ha".

A CSS ka rabu da margin-left da padding-right, ka koma margin-inline-start da padding-inline-end, sannan text-align ya zama start, su waɗannan da kansu suke bin inda rubutu ya fuskanta, flex da grid ma haka, kaga fayil ɗaya ya ishe ka maimakon biyu da kullum sai ka gyara wannan ka manta wancan. In Bootstrap 5 kake aiki da shi yana da nasa fayil na RTL. Kibiyar "gaba" da "baya" kam sai ka juya su da kanka, amma tambarin mai shago kar ka taɓa masa.

Inda aka fi shan wuya shi ne lambobi. Ka sa lambar waya mai +966 a tsakiyar jimlar Larabci sai ka ga alamar + ɗin ta tsallake ta koma ɗaya gefen, wani sa'in ma rukunin lambobin ya juye, mutum ya kira ya samu wani daban. Ka kulle ta cikin span mai dir="ltr", sunayen mutane kuma cikin bdi, akwatin da kwastoma zai yi rubutu ka ba shi dir="auto" tunda ba ka san da wane yare zai rubuta ba. Sannan da yawa allon rubutun wayarsu lambobin Larabci yake fitarwa, ٠٥٥ maimakon 055, shi kuma \d na JavaScript, wanda ake tantance lambobi da shi, bai san su ba, sai fom ya ce lamba ba daidai ba alhali bawan Allah daidai ya rubuta, ya gaji ya tafi. Ka fara mayar da su 0 zuwa 9 kafin ka tantance, layi biyu ne zuwa uku.

Hausar ma a ba ta haƙƙinta, abin yana min ciwo in ga an ƙawata Larabci an bar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna fitowa kamar akwatuna. Komai ya zama UTF-8, a MySQL ka zaɓi utf8mb4, font ɗin kuma ka gwada shi da "ƙofa" da "ɗaki" da idonka, Noto Sans yana da su duka. Larabci ka ba shi Cairo ko Tajawal, ka ɗan ƙara masa line-height, kuma kar ka sa masa letter-spacing don haruffan a manne suke.

Kwanan wata ka adana da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, wurin nunawa ka yi amfani da Asia/Riyadh, ka tuna mun riga Kano da Yamai da awa 2, mai umara da ke can in ya ga ƙarfe 9 dole ka faɗa masa agogon ina ne. Hijiriyya ba sai ka lissafa da hannu ba, Intl.DateTimeFormat da islamic-umalqura zai ba ka kalandar Ummul Ƙura. Hutun mako nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, kar kalandarka ta rufe Lahadi.

In akwai ciniki, harajin VAT 15% ne tun Yulin 2020, ka nuna shi ɓaro-ɓaro a rasit, kuma hanyar biyan ta karɓi Mada, katin bankunan Saudiyya.

Kafin ka miƙa aiki ka matse hotunan su koma WebP, ka tura wa wani ɗan uwa a gida link ɗin ya buɗe da ƙaramar wayarsa da datarsa, ya ɗauko maka hoton kowane shafi, Larabcin da Hausar duka.