Yadda za ka lissafa tsawon tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda

Aikina yankar wa masu Umara tikiti, kuma tambayar da ba ta ƙarewa a teburina ita ce: "Alhaji, awa nawa za mu yi a sama?" Ga yadda nake lissafa musu.

Fara da nisa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a miƙe, kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin fasinja yakan ci kilomita 800 zuwa 850 a awa, don haka ka samu awa huɗu da 'yan mintoci. Ƙara rabin awa na tashi da sauka da jiran izini, sai ka tashi da awa huɗu da rabi zuwa biyar. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jirage da yawa suna kauce wa sararin samaniyarta, kuma kewayen nan yana ƙara lokaci.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ka gani a tikiti na garin da aka rubuta ne. A ce an rubuta tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, sauka a Jidda ƙarfe 5 na asuba. Ido zai ce maka awa bakwai. Cire biyu, saura biyar. A dawowa kuwa ƙarawa ake yi: ka bar Jidda ƙarfe 10 na safe, ka sauka Kano ƙarfe 1 na rana, ba awa uku ba ce, biyar ɗin ce dai. Wanda zai tarye ka, faɗa masa lokacin Kano kawai, kada ya je ya shanya kansa a bakin ƙofar fita.

Tikiti mai sauƙin kuɗi yawanci yakan bi ta Alƙahira ko Addis Ababa. A nan ka duba tsawon zaman jira kafin ka duba farashi. Tafiyar awa biyar tana iya komawa yini guda. Matashi zai jure, amma in tsohuwa za ka tura, ni dai shawarata a biya ƙarin a yanki na kai tsaye in akwai.

In daga Jidda Makka za ka wuce, haraminka ya kasance a jakar hannu, ba a cikin akwatin da aka auna ba, domin kana sama za a zo daidai miƙati, wato inda ake ɗaura harami. Sannan ka ware awa uku na filin jirgi kafin tashi, layin duba fasfo bayan sauka, da kimanin awa ɗaya da rabi a mota zuwa Makka.