Taron tsintsiya ba shara: kurakuran ɗalibai a fafutukar yaƙi da matsanancin talauci

Kwana biyu bayan mun kammala makon da muka kira na yaƙi da talauci, muka zauna bitar yadda aka yi. Kowa ya gaji, amma fuska a sake take, domin ranar lacca zaure ya cika har wasu suna leƙe ta taga. Ma'aji ya buɗe littafinsa ya karanto abin da aka tara, ya karanto abin da aka kashe wajen buga riguna da hayar lasifika da ruwan baƙi, ya ɗan yi shiru yana lissafi, sai ya rufe littafin bai faɗi saura ba. Wata 'yar aji ɗaya da ke ƙarshen benci ta ɗaga hannu ta ce da shugabanmu, "Yaya, don Allah a makon nan wa muka nema ya yi mana wani abu?" Aka yi ta kallon-kallo.

Wannan tambayar ita ce mafarin gyara, kuma rashin yin ta shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Ƙungiyar ɗalibai takan shekara tana "wayar da kai", a yi lacca, a yi tattaki, a cika Facebook da Instagram da hotuna, amma babu mutum ɗaya mai iko da aka ɗora wa nauyin cewa e ko a'a. Wanda aka wayar wa da kai ya tafi da tausayi a zuciya, washegari ya shiga aji, shi ke nan.

Ku dubi abin da ya faru a jami'ar Yale ta Amurka a farkon 2001. A ɗakin binciken jami'ar aka gano amfanin wani maganin cutar ƙanjamau mai suna d4T, ita ke da haƙƙin mallakarsa, ta kuma ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisin sayarwa shi kaɗai. A Afirka ta Kudu, inda cutar ke ɗibar mutane, kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya kai kusan dala 1,600. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta roƙi jami'ar ta bari a shigo da irinsa mai sauƙin kuɗi, jami'ar ta ce hannunta a ɗaure yake. Sai ɗalibai suka shigo, a gabansu akwai Amy Kapczynski, wadda a lokacin shekararta ta farko ke nan a karatun lauya. Ba su ce a kawo ƙarshen ƙanjamau a duniya ba. Sun kama magani ɗaya, ƙasa ɗaya, da hukumar jami'ar da suke gani kullum. Suka tara sa hannun malamai da ɗalibai, suka kira 'yan jarida, har Farfesa William Prusoff, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano maganin, ya fito ya mara musu baya. A watan Maris kamfanin ya sauko, farashin ya faɗo zuwa kimanin dala 55 a shekara. Cikin makonni aka yi wannan.

Don haka kafin a buga riga ko ɗaya, a rubuta buƙata a layi guda: wane ne, me zai yi, zuwa yaushe. Idan layin ya ƙi rubutuwa, ba a shirya ba tukuna.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne hangen nesa a bar abin da ke kusa. Ɗalibi ba shi da kuɗi, ba shi da kujera a Bankin Duniya, amma jami'arsa tana sayen kaya, tana ba da kwangila, tana zuba jari, tana mallakar sakamakon bincike, kuma tana tsoron abin da zai ɓata mata suna. A 1999 ɗaliban jami'ar Duke ta Amurka suka yi zaman dirshan a ginin hukumar makaranta har ta amince a riƙa bayyana wuraren da masana'antun da ke ɗinka riguna masu tambarinta suke. Abin kamar ƙarami, amma da shi aka samu hanyar zuwa a duba halin da ma'aikata ke ciki. Shekara 10 bayan haka, da kamfanin Russell Athletic, mai ɗinka rigunan jami'o'i, ya rufe wata masana'antarsa a Honduras bayan ma'aikata sun kafa ƙungiyar ƙwadago, ɗalibai suka bi jami'a-jami'a har kusan 100 suka yanke ko suka dakatar da hulɗa da shi. A Nuwamba 2009 kamfanin ya amince ya mayar da ma'aikata kimanin 1,200 bakin aiki. Albashin mutum 1,200 ya fi ƙarfin duk wata gidauniya da ƙungiyar ɗalibai za ta iya tarawa a zango guda.

Sai batun alƙaluma, inda abin kunya ke yawan samun masu magana a gaban jama'a. Za ka ji mai jawabi ya ɗaga murya yana cewa talauci kullum ƙaruwa yake a duniya. Ba haka lissafin yake ba. A 1990 fiye da kashi ɗaya bisa uku na mutanen duniya, kusan biliyan 2, suna cikin matsanancin talauci. Kafin 2019 abin ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ƙasar Sin kaɗai ta fitar da kusan mutum miliyan 800 cikin shekara 40. Annobar korona ce ta mayar da hannun agogo baya a 2020, kuma saukar ta koma tafiyar hawainiya tun daga nan, talaucin ya fi taruwa a Afirka kudu da Sahara da ƙasashen da rikici ya ɗaiɗaita. Mai fafutukar da ya ɓoye ci gaban da aka samu don ya tsorata mutane, kansa ya yi wa, domin wanda ya yarda cewa komai lalacewa yake yi ba zai ga dalilin sa hannu ba.

A kuma kula da mizanin, wato kuɗin da wanda ke rayuwa a ƙasa da shi a rana ake lissafa shi cikin matsanancin talauci. Bankin Duniya ya fara da dala 1 a rana, ya koma 1.25, sai 1.90 a 2015, sai 2.15 a 2022, sannan dala 3 a Yunin 2025. Da mizanin 2.15 ana maganar kusan mutum miliyan 700, da na dala 3 kuwa adadin ya haura miliyan 800. Wanda ya ɗauko adadin bara da tsohon mizani ya jera da na bana da sabo, zai ba da labarin da bai faru ba. Sannan dalar nan ba ta canji ba ce, an daidaita ta ne da ƙarfin sayayya a kowace ƙasa. Duk adadin da za ku faɗa, ku san shekararsa da mizaninsa, domin a cikin zaure ba a rasa malamin tattalin arziki ɗaya da ke jiran lokacin tambayoyi.

Hotuna kuma, a taƙaice: yaro da ƙuda a ido, ba suna, ba izinin iyayensa, ba ko sunan garinsu. A 2012 ƙungiyar ɗalibai da malaman jami'a ta Norway, SAIH, ta yi wa wannan ɗabi'a ba'a da gangamin Radi-Aid, inda aka nuna 'yan Afirka suna tara na'urorin ɗumama ɗaki don ceton 'yan Norway daga sanyi. Dariya aka yi, amma saƙon ya isa. Hoton da ba za ka yarda a manna na ƙaninka a irinsa ba, kada ka manna na ɗan wani.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne son abin da ke burge mai bayarwa. Matasa muna da saurin faɗawa kan dabara mai kyan gani. A 2006 aka yi alƙawarin dala miliyan 16.4 don yaɗa wani famfo mai suna PlayPump a ƙauyukan kudancin Afirka: lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kai, ruwa na hawa tanki. Wa zai ƙi? Sai dai yara gajiya suke yi, kuma lokacin wasansu ba shi ne lokacin buƙatar ruwa ba. A wurare da dama mata, har da tsofaffi, su suka koma tura lilon da hannu, ga shi idan ya lalace gyaransa ya fi na famfon hannu wuya, alhali a wasu ƙauyukan an cire famfon hannun ne aka kafa shi. Jaridar Guardian ta yi lissafi a 2009 cewa sai yara sun yi awa 27 a rana suna juyi kafin a cimma adadin ruwan da aka yi alƙawari.

Tafiyar hutu zuwa gidan marayu a wata ƙasa ma haka take. Ɗalibi ya biya kuɗin jirgi, ya yi mako biyu yana rungumar yara, ya dawo da hotuna, yaran kuma su sake rabuwa da wani da suka fara sabawa da shi. Binciken da aka yi a Kambodiya ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, gidajen kuma sun yi ta ƙaruwa a shekarun da baƙi masu kuɗi ke ƙaruwa. A 2018 Ostareliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin abin da take ɗauka bautar zamani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu ɗaliban digiri na gaba a jami'o'in Harvard da MIT na Amurka sun ɗauki wannan da gaske, suka kafa GiveDirectly, wadda ke tura kuɗi kai tsaye ta waya ga matalautan gidaje, ta faro daga Kenya, kowa ya kashe yadda ya ga ya dace. An yi ta cewa a giya da taba za a ƙarar, bincike bayan bincike bai nuna haka ba: rufin kwano, dabbobi, abinci, kuɗin makaranta. Ba ina cewa kuɗi a hannu shi ne maganin komai ba, domin ba ya gina asibiti. Amma kafin ku zaɓi inda gudunmawarku za ta, ku tambayi shaidar cewa abin yana aiki, ku kuma tambaya ko an taɓa jin ta bakin waɗanda za a ba. Ko ƙananan rance, da ya kai Muhammad Yunus ga kyautar Nobel a 2006, da aka auna shi a ƙasashe 6 aka buga sakamakon a 2015, amfaninsa matsakaici aka samu, bai fitar da jama'a daga talauci yadda aka yi ta yayatawa ba.

Akwai kuma masu ƙyamar siyasa, su ce mu taimako muke yi, ba ruwanmu da 'yan majalisa. To, manyan kuɗin a can suke. A 1998 mutum kusan 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Birmingham na Birtaniya lokacin taron G8, wato ƙungiyar manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki, suna neman a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. A Yulin 2005 wasu kimanin 225,000 suka yi tattaki a Edinburgh, a ƙasar Scotland, gab da taron G8 da aka yi a Gleneagles. A shekarar aka amince da yafe kimanin dala biliyan 40 ga ƙasashe 18 a tashin farko. Ɗalibai da masu ibada da 'yan ƙwadago ne suka cika waɗannan tituna.

Zuwa wurin ɗan majalisa ma akwai yadda ake yi. Kada a je mutum 20, uku sun isa, kuma a samu wanda a mazaɓarsa yake zaɓe. A tafi da takarda shafi ɗaya, a ambaci ƙudiri ko layin kasafin da ake magana a kai. Idan mataimakinsa aka samu kada a ji an raina ku, sau da yawa shi ke rubuta abin da maigidan zai karanta. Bayan mako biyu a sake tuntuɓa. Kuma a san abin da jama'a suka ɗauka ba daidai ba: a Amurka, alal misali, ƙuri'un jin ra'ayi sun sha nuna mutane na zaton kusan rubu'in kasafin ƙasar ke tafiya agajin waje, alhali kusan kashi 1 cikin 100 ne.

Idan an ci nasara kuma kada a naɗe tabarma. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe masu arziki burin ba da kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarsu a matsayin agaji. Birtaniya ta kai nan a 2013, ta mayar da shi doka a 2015, aka yi ta murna. A 2021 ta rage zuwa 0.5, a Fabrairun 2025 ta sanar da cewa za ta sauko 0.3 kafin 2027.

Wannan ya kawo mu ga raunin da ƙungiyar ɗalibai ke da shi wanda sauran ƙungiyoyi ba su da shi: kowa tafiya zai yi. Hukumar jami'a ta san haka sarai. Idan buƙatarku ta yi nauyi, ba za ta ce a'a ba, kwamiti za ta kafa, kwamitin ya sa zama a makon jarrabawa, rahotonsa ya fito lokacin dogon hutu, kafin a dawo an yaye masu kaifin bakin. Mu kanmu haka ta faru da mu. Shugabanmu ya gama, ya tafi da lambar sirrin shafinmu a kansa da wasiƙun hukuma a jakarsa, waɗanda suka gaje mu suka koma ofishin da muka yi wata 7 muna zarya suna gabatar da kansu kamar baƙi.

Tun daga zangon farko a ba 'yan aji ɗaya aiki na gaske, ba jera kujeru kawai ba, kuma duk ganawa da hukuma a tafi da ɗaya daga cikinsu ya ga yadda ake magana. A nemi malami ko ma'aikaci ɗaya da zai daɗe a makarantar ya zama mai ba da shawara. Duk alƙawarin da aka yi muku da baki, ku rubuta shi a wasiƙa a ranar, ku aika, ku ajiye kwafi. A kuma buɗe fayil guda da ba mallakar kowa ba, a sa sunan kowane jami'i da aka gana da shi, ranar ganawar, abin da ya ce, da ranar da ya ce a dawo.