Darasi na Bakwai: Dabinonka yunwa yake ji, ko taki ne ya yi masa yawa?

Idan ganyen dabino ya fara komawa rawaya, manoma da yawa kan yi saurin ƙara taki. Sau da yawa kuwa takin ne ya jawo cutar. Kafin ka zuba komai, duba abu biyu: yaushe abin ya fara, kuma a wane reshe.

Yunwa a hankali take shiga, cikin watanni. Ɗauki buhun takin kamfa ka karanta haruffan da ke jikinsa: N, P, K. Kowane harafi na nufin wani sinadari ne na abincin shuka. Idan N ne ya yi ƙaranci, duk itacen zai koɗe, korensa ya yi fari-fari, girma ya ragu. Idan K ne, tsofaffin rassan ƙasa ke fara nunawa. Za ka ga ɗigo-ɗigon rawaya ko ruwan goro, daga baya bakin ganyen ya bushe, alhali sabon tofon da ke tsakiya yana nan kore shar. Akwai wani sinadari, maganiziyam, wanda rashinsa ke sa gefen tsohon reshe ya yi rawaya, tsakiyarsa ta zauna kore.

Ƙunar taki kuwa gaggawa gare ta. Kwanaki kaɗan bayan an zuba, bakin ganye zai ƙone a rassa da yawa lokaci guda, manya da ƙanana. Ƙasa na da danshi amma dashen ya yi yaushi, domin taki gishiri ne, idan ya yi yawa saiwa ba ta iya shan ruwa. Duba gindin, za ka iya ganin farin ɓawo a kan ƙasa. Tona kaɗan, saiwar da ta ƙone baƙa ce ko ruwan ƙasa. Ƙananan dashe sun fi shan wahala. A lura, ruwan rijiya mai kanwa ma yana barin irin wannan farin ɓawo.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne yuriya. N kaɗai ke cikinta, kashi 46 cikin 100. Idan aka yawaita ta, itacen zai yi ta fitar da sabon ganye, ƙarancin K ya ƙara tsananta. Ga taki ya yi yawa, ga kuma yunwa, a itace ɗaya.

Idan ƙuna ce, kwashe takin da ka gani, ka yi ban ruwa mai yawa sau da dama don ya wanke ƙasar. Idan yunwa ce, watsa taki kaɗan-kaɗan nesa da kututture, ka bi da ruwa. Reshen da ya yi rawaya ba zai sake korewa ba, amma kada ka sare shi sai ya bushe sarai, domin itacen na janye sauran abincin da ke cikinsa. A sabon tofo za ka ga sauƙi. Idan ya ƙi fitowa da kyau, nemi malamin gona. A Dutse ta jihar Jigawa akwai tashar binciken dabino ta NIFOR, wato cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya.

Aikin gida: rubuta ranar da ka zuba taki na ƙarshe, da irinsa, da yawansa. Ka zo da reshe ɗaya mai ciwo mu duba shi tare a aji.