Yadda Ake Sassaƙa Hatimi da Kilina

Tun da na fara buga hatimi a littattafan yaran Islamiyyar unguwarmu, iyaye ke ta tambayata yadda na yi shi. To ga shi.

Ka tanadi babbar kilina fara, fensir mai taushi, sabuwar reza da soson tawada. Duk akwai su a shagunan littattafai na Sabon Gari.

1. Rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda, ka danna fensir sosai.
2. Kifa takardar a kan kilina.
3. Murza bayanta da cokali.
4. Ɗaga takardar. Rubutun zai fito a juye, haka ake so.

Hattara: kada ka rubuta kai tsaye a kan kilina. Na farkon da na yi haka, sai da madubi ake karanta shi.

5. Nannaɗe gefe ɗaya na rezar da salatif, saboda yatsunka.
6. Zagaye kowane harafi da reza, a karkace zuwa waje, don gindinsa ya yi faɗi kada ya ɓalle.
7. Ƙwaƙule abin da ke tsakanin haruffa. Wanda ka bari tsaye shi zai ɗauki tawada.
8. Dangwala a soson tawada.
9. Gwada a tsohuwar jarida. Inda ɗigo ya fito, ƙara yankewa kaɗan.