Witzenhausen: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya samu gurbin karatun aikin gona a Jami'ar Kassel, to ya kwana da sanin cewa Witzenhausen zai nufa, wani ƙaramin gari mai mutane kimanin 15,000 a arewacin jihar Hessen ta ƙasar Jamus, a bakin kogin Werra. Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin biranen Kassel da Göttingen yana tsayawa a tashar Witzenhausen Nord, wadda take tsallaken kogi, sai mutum ya gangaro da kayansa ya haye gada kafin ya isa tsakiyar gari. Da zarar ya kama ɗaki, doka ta ba shi kwana 14 ya yi rajistar adireshinsa a ofishin hukumar gari.

Garin tsoho ne, domin tun a 1225 aka ba shi izinin cin kasuwa, kuma har yau gidajensa masu ginshiƙan katako a jikin bango suna nan kewaye da dandalin kasuwar. An san shi da noman ceri, wani ƙaramin jan ɗan itace: a watan Afrilu tuddan da ke kewaye da shi sukan yi fari fat da fure, a Yuli kuma a yi bikin ceri mai suna Kesperkirmes. A nan ne aka fara gwajin ware bolar ragowar abinci a 1983, saboda haka maƙwabta ba sa wasa da batun rarraba shara.

Abin da na fi so ɗalibinmu ya riƙe shi ne tarihin ginin da zai riƙa shiga a titin Steinstraße. Asalinsa gidan masu ibada ne na Kirista, sannan a 1898 aka kafa makarantar horar da matasan Jamusawa da za su je su yi noma a ƙasashen da Jamus ta mallaka, irin su Kamaru da Togo. Ɗan Afirka da ke ɗaukar darasi a wurin a yau ya cancanci ya san wannan, kuma ya yi tambaya a kansa ba tare da jin nauyi ba.

A harabar ne kuma ɗakin gilashin renon tsirran ƙasashe masu zafi yake. Idan hunturu ya tsananta, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, ina ba da shawarar a shiga can a tsaya ƙarƙashin ganyen ayaba, kusa da bishiyoyin koko da kofi, a shaƙi ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar ta damina.